Ƙamewar Surajo Tela

Halidu ya fizge hular Surajo daga kansa, ya danna masa ita a hannu.

"Haka za ka yi. In an busa ƙaho, ka tuɓe hula, ka tsaya. Kada ka tuɓe takalmi, kada ka durƙusa, nan ba ƙasar Ingilishi ba ta. Kuma kada ka iya."

"Kada in iya, Yaya?"

"Kada ka iya. Ka yi nawa awa kowa. Ka sosa ƙeya, ka dubi ƙasa, ka bari na kusa da kai shi riga ka. Ka ji ni?"

Surajo ya ce ya ji. Halidu ya gyara jar hularsa ta gardi-sarki, wato dogarin kumandan, Baturen Faransi mai mulkin garin, ya fita bai ko taɓa furar da ƙanwarsa Zalika ta dama masa ba.

Surajo tela ne, mutumin Sakkwato. Ya zo Madawa, a ƙasar Faransi, da keken ɗinkinsa tun kafin yaƙin Turawa, ya auri Zalika, ya yi suna wajen ɗinkin riguna har masu sarauta na aiko masa da yadi. Da Faransi da Ingilishi suka ɓata, aka rufe iyaka, sai duk wanda ya fito daga kudu ya zama abin kallo da wutsiyar ido. Ga shi kumandan ya fito da sabuwar doka: kowace ranar kasuwa mazan gari su taru a gaban bariki a ɗaga tuta, baƙo da ɗan gari. Makonnin baya Surajo ya fake da zazzaɓi. Yau an ce ko a kan gado mutum yake a ɗauko shi.

Abin da ya hana shi sukuni shi ne labarin Ɗanmaraya mai goro, shi ma mutumin kudu. An ce tuta na hawa yana zaune yana ƙulla buhu. Aka sa masa igiya zuwa kurkukun Tawa, har yau babu wanda ya ji ɗuriyarsa. Wanda ya ɗaura igiyar kuwa Halidu ne. Kuma Halidun nan shi ne ya tsaya kai da fata lokacin auren, yana cewa ba a ba baƙo mata, don baƙo raɓa ne.

"Mi kake tunani?" in ji Zalika. Tana zaune bakin ɗaki ta miƙe ƙafafu, cikinta ya tsufa, haihuwa yau ko gobe.

"Ina tunanin yayanki. Mutum shi ce maka ka yi sakaci gaban tutar Nasara? Wagga shawara ta ko tarko?"

"Haba, maigida! In shina son a kama ka, mi zai sa shi taso da sassahe shi zo gidanga?"

"Don ki shaide shi. In an tahi da ni, shi ce ai ya yi bakin ƙoƙarinshi, shi ɗauke ki ke da abin da ke cikinki."

Zalika ta dube shi, ranta ya ɓaci ƙwarai. "Ka yi abin da yac ce maka. Ni dai ba ni son in haihu kana Tawa."

Shi ma abin da yake tsoro ke nan, sai dai tsoro bai cika ba da shawara mai kyau ba. A hanyar bariki Surajo ya ƙudurta a ransa cewa in sakaci ne ya ci Ɗanmaraya, to shi ba za a same shi da sakaci ba. Ai ya san yadda ake girmama tuta. A Sakkwato rumfarsa na kallon filin sojoji, ya sha ɗinke musu wanduna, ya sha ganin faretinsu har ya haddace. Yau zai nuna wa Nasara cewa akwai baƙon da ya fi 'yan gari ladabi.

Filin ya cika. Manoman yankin, wato ƙasar Adar, sun tsaya kamar waɗanda aka tasa daga barci, wani na tauna goro, wani na korar ƙuda. Mata na can gefe a inuwar bedi, har da Zalika da ta lallaɓo ta biyo baya. Kumandan ya fito da farar hularsa, tafinta na biye da shi.

Aka busa ƙaho. Huluna suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya, babu mai sauri. Shi kuwa gogan naka sai ya ɗaga gwiwa har ƙugu, ya buga ƙafa a ƙasa, tim! Ya ƙame, ƙirji waje, ya sara wa tuta, hannu a gefen goshi.

Na kusa da shi suka ɗan ja da baya. Tuta ta kai sama, ƙaho ya yi shiru, sai kumandan ya taho kai tsaye, bai dubi kowa ba sai Surajo. Ya zagaya shi, ya yi magana a hankali.

Tafinta ya ce, "Kumandan ya ce sojan Faransi ba shi buga ƙahwa haka. Wanga bugun na sojan Ingilishi na. Ina ka koye shi?"

A nan Surajo ya gane garin neman gira ya rasa ido.

Kumandan ya waiwaya ya yafito gardin da ya fi kusa, wato Halidu. Tafinta ya ce, "Kai ɗan garinga na. Ka san shi?"

Surajo ya runtse ido yana jiran igiya. Sai ya ji Halidu ya tuntsire da dariya.

"Wanga? Ranka shi daɗe kumandan, wa bai san shi ba? Taɓaɓɓe na! Tun shina yaro ya bi ayari kudu, yag ga sojojin can, kanshi yaj juye. Ko jaki ya gani sara mashi shikai. Tambayi kowa."

Kumandan ya juya ga taron. Mutanen nan sun san Surajo sarai, rigunan jikin wasunsu ma shi ya ɗinka. Wani tsoho ya gyaɗa kai ya ce, "Allah shi ba shi lahiya." Saura suka amsa da amin.

Kumandan bai yi dariya ba. Ya ce wani abu gajere.

"Ya ce in haka na, shi sake shi gani," in ji tafinta.

Halidu ya matso kamar zai gyara masa tsayuwa, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ka sake, ka yi dariya, ka zubar da miyau in kana iyawa. Ko haka ko Tawa."

Surajo ya hango Zalika ta dafa icce da hannu ɗaya, ɗayan a ƙarƙashin cikinta. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Ya ɗaga ƙafa ya buga, ya sara wa tuta, ya juya ya sara wa dokin kumandan da ke ɗaure a gefe, ya washe baki. Sai a lokacin kumandan ya yi murmushi, ya ce a riƙa kawo shi kowace ranar kasuwa.

Da aka watse, Halidu ya bi ta gefensa bai tsaya ba. "Haka kake har yaƙi shi ƙare," in ji shi. "Kada ka warke."

Surajo ya koma rumfarsa Zalika na tafe a gefensa. A bakin rumfar suka tarar da Malam Iliyasu, wanda ya kawo yadin rigar Salla makon jiya. Ya gaishe su yana duban ƙasa, ya ce shi ya san gaskiya, amma a ba shi yadinsa, kada tafinta ya ji an ce mahaukaci na yi masa ɗinki, asiri ya tonu.

Surajo ya naɗe yadin da kyau, ya miƙa masa da hannu biyu. Wani gardi ya ɓullo daga kwanar kasuwa yana dubansu, sai Surajo ya miƙe tsaye ya sara wa Malam Iliyasu.