Hanya a Jikin Bango

"Kama min ta ƙafa, Inna Barira, mu juya gadon nan," in ji Sama'ilu. "Mutum yana cikin wannan hali ya ba gabas baya? Sai ka ce ba ɗan Musulmi ba."

Barira ta ajiye kwanon kunu a bakin ƙofa, amma ba ta kama ba. Wanda ake maganar juyawar, Malam Abdulkabir, ya riƙe ƙarfen gadon da hannunsa da ya kumbura kamar an hura.

"Ka bar ni yadda nake, Sama'ilu."

"Yaya, bango fa kake kallo. Me ke jikin bango?"

"Ya dai fi fuskarka daɗin kallo."

Sama'ilu ya yi ƙwafa. Da ya rasa abin hucewa, sai ya miƙa hannu ya ciro hoton da ke rataye a kan ƙusa, na wani tsohon Bature mai hargitsattsen farin gashi, wanda Barira ta daɗe tana kira mai gaba da wanzami. "Wannan dai ya fita, mala'iku su samu hanyar shigowa." Ya kifa shi a kan akwati, ya saɓa fartanya ya nufi gonar gyaɗa.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan Barira da na Malam. Shi ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da fiziks a sakandare, daga Makoda zuwa Ɗanbatta, har ya yi ritaya ya dawo ƙauye noman gero. Matarsa Aina'u ta rasu a wajen haihuwar fari, jaririyar kuma aka miƙo wa Barira ta kan wannan katangar, lokacin tana goyo. Ita ta shayar da ita. Yarinyar ce yanzu Dokta Tahira, malamar jami'a, wadda a makon nan take Abuja, inda ƙasa ke bikin makon fiziks da tunawa da aikin tsohon nan da aka kifa a kan akwati. Gobe za ta yi jawabi, rediyo zai watsa.

Tahira ta san Baba ba shi da lafiya. Abin da ba ta sani ba shi ne likitoci a Kano sun duba ƙodarsa sun ce a koma gida a ci gaba da addu'a. Kullum da magariba takan kira Barira.

"Inna, ya jikin Baba?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

To me za a ce? Haka aka gada. Ko mutum na shure-shure, da sauƙi ake cewa. Shi kuma Malam, duk bokonsa, bai yar da kunyar ɗan fari ba. Tun da aka raɗa wa yarinyar suna ba a taɓa jin sunan a bakinsa ba. Tana ƙarama "waccan" ce, da ta girma ta koma "mutanen jami'a", a makon nan kuma "mutanen Abuja". Ranar da aka dawo da shi daga asibiti ya ce, "Kada wanda ya ɗaga wa mutane hankali. Suna da aiki a gabansu."

Barira da safe ta saba shigowa. Ran nan kunun bai shawu ba, sai ta komo bayan la'asar da ɗan romo. Ƙudaje sun dame shi, ya ce ta turo ƙofa. Tana turowa ɗakin ya yi duhu, tagar langa-langa dama a rufe take. Ta tsaya idonta ya saba. Sai ta ga abu yana motsi a bangon da yake kallo.

"A'uzu billahi!" Saura kaɗan kwanon ya suɓuce.

Ga gawon bakin titi, saiwarsa a sama, rassansa a ƙasa. Ga jaki da kayan harawa yana tafe ƙafafu a sama, kamar ƙadangare a rufin ɗaki. Har jan zanen matar da ke bayansa ya fito.

Malam ya yi 'yar dariya, ta koma masa tari. "Ba aljanu ba ne, Barira. Dubi taga."

Ta duba. Wata 'yar huda ce a jikin langa-langar, wadda aka yi da ƙusa.

"Haske a miƙe yake tafiya. Na kan gawo ya shigo ta hudar ya sauka ƙasa, na gindinsa ya hau sama. Shi ke nan. Duk ajin da na koyar sai da na rufe musu taga na nuna musu." Ya nuna akwati da haɓa. "Mutuminki ne ya zo ya ce wani lokaci hasken yakan lanƙwasa. Amma ba a ɗakin nan ba. A can sama, kusa da rana. A kan haka mutanen Abuja za su yi magana gobe."

Yana rufe baki wani babur ya shigo bangon, a kife, ya tsaya a gindin gawo inda ake sauke fasinja. Barira ta ji numfashin Malam ya tsaya. Mutumin da ba ya iya ɗaga kofi ya dogara da gwiwar hannu ya ɗago. Wata mace ta sauko, ta gyara mayafi, aka miƙo mata buhu ta ɗora a ka ta yi arewa. Malam ya koma ya kwanta a hankali, ya lumshe ido.

Barira ta ajiye romon.

"Malam, a kira ta."

"Wa?"

"Ka san wa."

"Gobe ƙasa duka za ta kasa kunne. Tun tana tsallen igiya take hawan tsanin nan, sai ta kai matakin ƙarshe ki janye? Ki bar mutane su yi aikinsu."

"In kuma Mai abu ya karɓi abinsa kafin su gama?"

"Sai su yi addu'a. Addu'a ba ta biyan kuɗin mota."

Da magariba ta hau tudun bayan rumbu, inda waya ta fi kamawa. Ta shirya maganar tun daga tsakar gida, ta maimaita ta kamar karatun allo. Wayar ta yi ƙara.

"Inna! Kin ga zauren kuwa? Har da 'yan makaranta daga kowace jiha. Na gwada muryata a lasifika, sai da na tsorata da kaina. Ki sa wa Baba sabon batir a rediyo, kin ji? Ya jikin nasa?"

Barira ta buɗe baki. Harshenta ya bi tsohuwar hanyarsa.

"Da sauƙi."

Ta sauko daga tudun tana dukan cinyarta, tana ce wa kanta tsohuwar banza.

Gari na wayewa ta zaga gidan Malam. Shaƙuwa ta kama Malam, kowace ɗaya sai ta girgiza gadon. Ta taɓa ƙafarsa, sanyi kamar randa. Sama'ilu ya riga ya kira maƙwabta sun juya gadon, an kwantar da shi a kan dama yana fuskantar gabas, an cusa tsumma a hudar taga wai saboda sauro. Malam bai iya musu ba. Idonsa kawai ke yawo.

Barira ba ta san lokacin da ta kai tudun ba, takalmi ƙafa ɗaya.

"Inna, lafiya da sassafe? Ya jikin..."

"Babu sauƙi, Tahira." Muryarta ta fita kamar ta wata. "Babu sauƙi ko kaɗan. Ƙarya muke miki, ni da shi da kowa. In kina son ganin ubanki, taho yanzu."

Sai ƙarar wani abu da ya faɗi, wayar ta katse.

Da hantsi ta kunna masa rediyo. Aka yi taken ƙasa, manya suka yi ta jawabi ana fassarawa, aka yi ta yabon tsohon Baturen da abin da ya bar wa duniya. Malam yana saurare, shaƙuwa na katse shi. Can mai gabatarwa ya ce, "Da yanzu ne za mu saurari Dokta Tahira Abdulkabir, sai dai an shaida mana wani uzuri na gaggawa ya taso mata, ta bar gari tun da safe."

Malam ya juyo da ido kan Barira. Ta sunkuyar da kai, tana jiran abin da zai biyo baya.

"Kin yi ɓarna, Barira."

"Na yi."

"Ɓarna babba." Ya juya ido wajen taga. "Cire min tsumman nan."

Ta cire, ta turo ƙofa. Amma hoton hanyar a bayansa yake sauka. Ya yi yunƙurin juyawa, Sama'ilu da ke zaune a gefen gado da carbi ya dafe kafaɗarsa.

"Yaya, don girman Allah. Ban taɓa roƙonka komai ba. Ka bar fuskarka a gabas." Hawaye ne a gemunsa.

Malam ya dubi ƙanen nasa. Sannan ya ce, "Madubi."

Barira ta ruga gida ta ɗauko madubinta na aure, wanda bayansa ya fara cin tsatsa. Ta durƙusa a gabansa ta riƙe. "Sama kaɗan. Hagu. Tsaya nan." Fuskarsa na gabas, idonsa na kan hanya.

Haka suka zauna. Hannu ya gaji ta sauya, ya sake gajiya ta tallafe da gwiwa. Waya ta yi ƙara daga can ƙasa-ƙasa, Tahira ce, sun wuce Kaduna. Aka kira azahar, sun tsaya cak a wajen aikin titi kafin Zariya. "Inna, ki ce masa ina hanya! Ki ce ya jira ni!"

"Ta ce ka jira ta, Malam."

"Ba ni ke tuƙi ba," ya ce, bakinsa ya ɗan motsa kamar zai yi murmushi.

Duk babur ɗin da ya tsaya a gindin gawo sai ƙwayar idonsa ta buɗe. Mai tallan yadi. Wani da akuya a cinya. 'Yan mata biyu da tiren gyaɗa. Daga baya idon ya daina buɗewa sosai. Sama'ilu ya matso da bakinsa kusa da kunnensa yana maimaita kalmar shahada a hankali, ba tare da ya ce faɗi ba. Malam ya karɓa, ƙasa-ƙasa amma a fili. Barira ta ci gaba da riƙe madubin har sai da Sama'ilu ya sa hannu ya shafe idon, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ajiye, Inna Barira."

Kafin a jima masu haƙa sun tafi, tela ya zo da likkafani. Aka ce Barira ta ɗora ruwa ta daka magarya. Ta ɗora tukunya, ta cusa mata ɗanyen kara, hayaƙi ya turnuƙe gidan, wuta ta ƙi ci. Ta zauna gaban turmi tana tsince ganyen ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar shinkafa.

Sama'ilu ya leƙo. "Inna Barira, kabari ya yi."

"Ta kusa Kano. Wallahi ta kusa."

"Gawa ba ta jiran kowa. Kuma mace ce, ba maƙabarta za ta ba."

"Fuskarsa za ta gani! Fuskarsa kawai, Sama'ilu!" Ta kama gefen rigarsa, ita da ta girme shi. "Ni na ce mata da sauƙi. Ni na hana ta tahowa jiya. Ku bari a yi magariba, na roƙe ku."

Liman ne ya amsa daga zaure, murya a sanyaye. "Inna, haƙƙinsa ne a gaggauta shi. Ga zafi, ga irin ciwon da ya yi. Ko da ruwan sanyi ma ya halatta."

Ta saki rigar. Ta zare ɗanyen karan ta sa busasshe, wuta ta kama nan take.

Bayan la'asar aka sallace shi a ƙofar gida, aka ɗauka. Mata suka cika tsakar gida. Barira ta kasa zama a cikinsu, ta shiga ɗakin ta turo ƙofa, ta zauna a ƙasa kusa da gadon da aka yaye wa shimfiɗa. Rana ta karkata, hoton ya fito fes, fiye da na jiya.

Babur ya shigo bangon. Tun kafin ya gama tsayawa wata mace ta diro, takalma a hannu, tana gudu ƙafafu a sama, tana ƙara girma har ta fice daga hoton. Sai salati ya tashi a tsakar gida.

Ƙofa ta buɗe, bangon ya goge. Tahira ta tsaya, katin taro yana rataye a wuyanta, ƙafafunta sun yi futu-futu. Ta dubi gadon. Ta dubi Barira. Ba ta yi kuka ba, sai ta zauna a ƙasa.

"Ya neme ni, Inna? Ko sau ɗaya, ya kira sunana?"

Barira ta ji kalmar "da sauƙi" tana taso mata a wata kama, ta haɗiye ta.

"Bai kira ba. Kin san shi." Ta miƙe da ƙyar. "Tsaya ki gani."

Ta tura ƙofar ta rufe. Duhu ya dawo, a hankali gawon ya fito, da gindinsa inda ake sauke fasinja. Tahira ta waiga ta ga hudar ƙusa a taga, ta ga madubi a ƙasa kusa da matashi.

Daga gefen hoton maza suka fara shigowa, suna dawowa daga maƙabarta a jere, kawuna a ƙasa, biyu na riƙe da makara ba kowa a ciki. Tahira ta ja jiki har bangon, ta ɗora tafinta a kai. Hanyar ta hau bayan hannunta, mutanen suna wucewa a kan yatsunta ɗaya bayan ɗaya, hasken yana ja yana raguwa.