Sabon Kwano a Madafin Kande

Kwanon rufin ya shigo ƙauyen a bayan babur, naɗe cikin tsohuwar tabarma. Wata mata da ta hango shi daga bakin rijiya ta saki guga ta fara salati, a zatonta gawa aka kawo daga Batsari. A 'yan shekarun nan, abin da ake naɗewa a tabarma a shigo da shi yankin Ruma ba ya cika wuce haka.

Uzairu ya sauke shi a tsakar gida ya yaye tabarmar. Hasken ya tashi ya daki idon mahaifiyarsa, Kande, tana zaune a ƙofar madafi tana tankaɗe.

"Rufe abin nan," in ji ta.

"Inna, ko sannu da zuwa babu?"

"Sannu da zuwa. Rufe shi."

Wata biyu ke nan suna jan maganar madafin. Ɗakin ya girme Uzairu. Marigayi mijin Kande ne ya gina mata shi shekarar da ta tare. Bangon ƙasa ne, jinka a sama, hayaƙi ya dafa shi har ya yi baƙi ƙirin. Ba abin da ya same shi da zai hana girki. Jinkar ce kawai ta ruɓe ta gefen gabas, da damina sai Zuwaira, matar Uzairu, ta riƙa yawo da tukunya tana gudun ɗiga. Kande ta ce a yi wa bango yaɓe, a sabunta jinka, kamar yadda aka saba. Uzairu ya ce a sa kwano a huta.

"Jinkar da wace ciyawa za a yi ta?" ya ce, yana karkaɗe rigarsa. "Ciyawa a bakin daji take. Sada ya je yanka bara, kin ga yadda mutanen daji suka dawo da shi. Kunnensa a aljihun rigarsa suka sa masa."

"Sai a yi da kara."

"Ranar da suka shiga unguwar su Bushira me suka fara cinna wa wuta? Rufin madafi. Daga nan ta tsallaka rumbu. Mutum uku a ciki."

Kande ta ajiye rariya. "Jinka tana cin wuta, na yarda. Amma ba ta kiran kowa. Wannan abin naka daga kan dutse za a hango shi, a ce gidan nan an samu."

"Na riga ki tunanin. Laka zan shafe shi da ita. A Zakka haka suke yi, ba ki bambanta shi da tsohon rufi."

"Ni dai," in ji Zuwaira daga bakin randa, "in bana na huta da miyar da sama ke ƙara wa ruwa, na gode Allah."

Ba wanda ya yi dariya.

Washegari, ba tare da ta ce to ba, Uzairu ya hau da gatari. Sara uku jinkar ta rufta. Baƙin hayaƙin shekara arba'in ya turnuƙe gidan, ɓeraye suka watse, wata kunama ta faɗo ya murƙushe ta da ƙota. Ragayar da uwar Kande ta saƙa mata ta biyo tarkacen, ya ɗaga ta da ƙafa ya wurga gefe bai ma duba ba. Kande ta duba. Ta tsince ta ta shige ɗaki, daga ranar kuma ba abin da ke haɗa ta da ɗanta sai gaisuwa.

Labaran kafinta, maƙwabcinsu, shi ya buga rufin. Ya naɗe kan gudumarsa da tsumma don kada ƙarar ta yi nisa. Da ya gama, Uzairu ya haƙo jar ƙasa ya zuba ruwa ya fara kwaɓawa.

Kande tana kallonsa ta tsakanin asabari. Ƙasa da ruwa zalla. Mace ce da ta yi yaɓe tun tana budurwa, ta san laka ba ta jure ruwan sama sai an haɗa ta da makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa da ke sa ta kama kamar dutse. Rabin buhu na nan ƙarƙashin gadonta, ta tanada don yaɓen da aka hana ta. Ta buɗe baki, sai ta tuna ragayar, ta rufe. Damina da sauran wata guda. Ya ɗan sha rana a banza tukuna. In zuciyarta ta huce ta faɗa masa.

Bayan kwana tara kacal ruwa ya sauka.

Bayan azahar ya zo, da iska da tsawa, ƙauyen ya ɗauki kabbara da guɗa. Uzairu ya tafi Karare neman iri, bai dawo ba. Kande ta tsaya a bakin ɗakinta tana kallon jan ruwa na kwarara daga rufin madafi kamar daga mayanka. Kafin la'asar hadari ya yaye, rana ta fito tas. Ita da Zuwaira suka yi ta jifan rufin da tabarmi, iska na dawo musu da su. Ba wadda ta iya hawa.

Sai dab da magariba Uzairu ya shigo, ya hau ya shimfiɗa zana ya danne da duwatsu. Da ya sauko ya tarar da buhu a gabansa.

"Da wannan ake haɗawa," in ji Kande. "Sai ya kwana a ruwa."

Ya buɗe, ya shinshina, ya dube ta. "Tun yaushe kike da shi, Inna?"

Ta juya tana kallon dutsen da ke yamma, inda daji ya fara.

Da safe duk mai ƙafa ya ɗauki sungumi ya tafi shuka, don laimar ruwan fari ba ta jira. Uzairu kaɗai ya tsaya gida saboda rufin. Labaran ya zo riƙe masa tsani. Da hantsi, ya shafe rabi ke nan, Kande ta ji ƙarar. Ba ta babur ɗaya ba ce.

Ta finciki Zuwaira daga gaban murhu ta tura ta bayan danga. "Bi kwari. Kada ki waiwaya."

Labaran ya saki tsani ya nufi zaure. A nan ya yi karo da su. Harbi biyu, ya zauna a jikin bango kamar mai hutawa, jini na bin ƙasa yana neman magudana. Suka tsallake shi suka shigo, su shida, fuskoki a naɗe. Ɗaya ya ja tsanin da Uzairu ke saukowa a kai. Ya faɗo a kan hannunsa na dama, Kande ta ji ƙarar ƙashin daga inda take.

Babbansu dogo ne mai jan rawani. Ya sa bakin bindiga ya ture zanar da ta rage, hasken ya buɗe.

"Kai ne Alhajin?"

"Ni manomi ne, ranka ya daɗe," in ji Uzairu, yana riƙe da hannunsa.

"Manomi." Dogon ya tsoma yatsa a bokitin laka ya duba. "Jiya muna kan dutse muka ga kamar an kunna mana fitila. Yau kuma ana kashewa. Wanda ba shi da komai, me yake ɓoyewa?"

"Wallahi gyaɗata na sayar..."

Gindin bindiga ya katse shi. Suka rufe shi da duka, da takalma, da ƙotar gatarinsa. Biyu suka kama wuyansa suka danna fuskarsa cikin bokitin, ƙafafunsa na shure-shure, sai da suka fara sanyi aka ɗago shi. Ya yi ta aman laka.

"Ina shanun? Wa ke kiwon su?"

"Babu..."

Wani gajere ya shiga madafi ya zaro itace mai ci daga murhun da Zuwaira ta bari. Ya yage rigar Uzairu ya manna masa a gadon baya. Ihun da ya yi, Kande ba ta taɓa jin irinsa daga bakinsa ba ko ranar kaciyarsa. Warin ya cika gidan.

Ba ta san lokacin da muciya ta zo hannunta ba. Ta sauke ta a ƙeyar gajeren da duk ƙarfin da shekara sittin da biyar suka bar mata. Ya juyo ya ba ta gindin bindiga a baki. Ta ga sama, ta ga ƙasa, ta tsinci kanta kwance kusa da turmi, haƙora biyu na yawo a kan harshenta. Ya ɗaga bindigar ya saita.

"Bar ta," in ji dogon. "Harsashi ya fi ta tsada. Ku ɗaure shi mu tafi, a can zai tuna inda shanun suke."

Suka ɗaure hannuwan Uzairu ta baya, har da karyayyen, suka ja shi a ƙasa zuwa zaure. Kande ta san tafiyar. Wanda ya shiga dajin da karaya da ƙuna, kuma ba shi da shanun da zai tuna, ba ya ganin sati. Ta tofar da haƙoran ta rarrafa ta tare ƙofa.

"Ɗan nan, tsaya ka ji."

"Tsohuwa, kin gaji da duniya ne?"

"In kun tafi da shi, wa zai nemo muku abin da kuke so? Ni? Ko hanyar Safana ban sani ba." Maganar na fita da jini, ta share da gefen zane. "Shi ke da gona. Shi ya san mutane a Katsina. Ba shi da uba, ba shi da wa, ni kaɗai gare shi. Ku tafi da ni, ku ga in bai sayar da har takalmin ƙafarsa ba."

Dogon ya tsaya yana kallonta. Sai ya fashe da dariya, sauran suka taya shi. "Kun ji? Tsohuwar nan ta fi mu sanin sana'ar."

"Inna, a'a," in ji Uzairu daga ƙasa. "Inna, don Allah..."

Gajeren ya haure shi a tsakiyar ƙirji ya yi shiru.

"Za ki iya zaman babur?"

"Na iya na jaki."

Dogon ya sunkuya kan Uzairu ya ja kunnensa. "Za ka ji kira, Alhaji. Kada ka mutu kafin nan."

Suka ɗaga ta kamar dami. A ƙofar zaure ta waiwaya sau ɗaya. Yana kwance rub da ciki, fuskarsa duk laka, amma haƙarƙarinsa na ɗagawa yana sauka. Ta tsaya a kan wannan har aka fizge ta.

Suka ratsa gonaki. Ga sungumi a yashe, ga ƙwaryar iri a kife, masu shukar sun lafe a kwari ba ko motsi. Daga nan gonaki suka ƙare, ƙaya ta fara kama mata zane. Ba ta yi kuka ba; bakin ya kumbura har ba ya buɗuwa sosai, addu'ar ma a ciki take yi.

Rana ta karkata kafin su tsaya a wani lungu tsakanin duwatsu. Akwai mutane zaune a gindin wata bishiya, an haɗa ƙafafunsu da sarƙa ɗaya. Ba wanda ya ɗago kai. Aka sauke ta.

"Tsohuwa," in ji dogon, yana kwance rawaninsa. A ƙarƙashinsa bai fi Uzairu shekaru ba. "Kin iya tuwo? Wadda ke yi mana ta mutu shekaranjiya."

Ya nuna mata buhun gari da wata baƙar tukunya, da duwatsu uku a fili, ba bango ba rufi.

Kande ta matsa ta duba. Ɗaya dutsen ya fi sauran gajarta, duk tukunyar da aka ɗora sai ta karkata ta zubar. An kuma buɗe bakin murhun inda iska za ta riƙa kwashe wutar. Ta durƙusa, ta sa yatsu ta tone ƙasa, ta juya babban dutsen, ta cusa tsakuwa ƙarƙashin ƙaramin. Ta ɗora tukunyar ta girgiza. Ta zauna daram.

"Wa ya kafa muku wannan?" ta ce.

Ta karkaɗe ƙasar hannunta.

"To, a kawo ruwa."