Jirgin Mbwana a Gonar Ayaba

Shekarar da kogin Pangani ya yi ambaliya, ruwa ya tsinke igiyar jirgin kawuna Mbwana ya tafi da shi. Ƙaramin jirgi ne na katako mai zane ɗaya da iska ke turawa, da shi Kawu yake kamun kifi tun kafin in yi aure. Muka bi bakin teku muna nema har muka gaji, shi kuwa ko abinci ya daina ci. Sai da ruwa ya janye aka gan shi can cikin gonar ayabar Bi Mwajabu, kwance a gefe guda, cike da taɓo. Turken zanen ya karye, katakon cikinsa ya fashe.

Bi Mwajabu taubashiyar Kawu ce, ba sa haɗuwa su rabu ba su tsokani juna ba. Muka tarar da ita a gaban jirgin, ta riƙe ƙugu.

"Sannu da zuwa, sarkin teku," in ji ta. "Kifi ya ƙare ne ka koma noman ayaba?"

Kawu ya nufi jirgin. Ya durƙusa yana shafa katakon, ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can. Can sai ya ɗago, fuskarsa ta washe.

"Ƙashin bayansa lafiya lau. Zai tashi."

"To ya tashi ya bar mini gona."

"In aka ja shi a haka rabewa zai yi. A nan za a yi jinyarsa, ke ce uwar masauki."

Ni da maigidana muka kwashe taɓon da bokiti, ƙaguwa na ta fitowa suna gudu. Kawu ya ɓamɓare katakon da ya fashe, amma na canji ya gagara, don kowa a garin gyaran gida yake yi. Bi Mwajabu ta kawo mana shayi mai citta, ta tsaya tana kallonsa ya yi tagumi.

"Dubi yadda ka zauna kamar maraya. Ga mangwarona can ruwa ya kayar, je ka yanka. Amma ka sani, daga yau ina da haƙarƙari a jirgin nan."

Aka tsaga mangwaron, aka bar katakon ya sha iska. Kafin ya bushe, wata kazarta ta yi ƙwai a gindin jirgin ta kwanta a kai. Kawu ya hana a tashe ta, ya fara aiki daga goshi, yana buga ƙusa a hankali har ta ƙyanƙyashe. Daga nan ya bi kowace tsaga yana cusa auduga, yana shafe ta da man kifi. Warin ya cika gonar, Bi Mwajabu ta rantse ayabarta ta bana ɗanɗanon kifi za ta yi.

Aka kafa sabon turke, zanen kuwa ya yage ta ko'ina. Bi Mwajabu ta tara mu mata a ƙarƙashin inuwa, kowacce ta kawo tsohon zanen ɗaurawarta, muka yi ta faci muna hira. Da Kawu ya ga ja da kore da ruwan ɗorawa, ya dafe kai.

"Yanzu da zanen mata zan fita teku?"

"In ba ka so, cire rigarka ka ɗaura," ta ce.

Ranar sauke jirgin, gari ya fito. Aka jera kututturen ayabar da ruwa ya kayar, santsinsu ya sa jirgin ya riƙa zamewa, maza na ja, mu muna guɗa, har bakin kogi. Liman ya yi addu'a. Bi Mwajabu ta tattare zani ta riga kowa shiga, wai za ta duba haƙarƙarinta.

Iska ta cika zanen, jirgin ya miƙe. Ruwa ya ɗan tsattsafo ta ƙasa kamar yadda sabon gyara yake yi, Kawu ya miƙa mata ƙoƙon kwakwa. Muna jiyo ta daga gaɓa tana kwarfa tana yi masa ciwon baki, shi kuma yana riƙe da sandar tuƙi yana dariya.

Da la'asar suka dawo da kifi rabin kwando. Ta zaɓi manyan, ta ce ƙananan sun ishi tsoho mara haƙori. A gidanta aka dafa su da shinkafar kwakwa, Kawu ya ci har ya nemi ƙari.