Hannun da Aka Saki a Sabkha

Duk matan Kanawan da ke zaune a unguwar Satwa sun shaidi Turai da kunya. Ba kunyar rufe baki da gefen mayafi ba, wannan kowa ya iya. Kunyar ɗan fari ake nufi, irin ta mutanen da, wadda ta ɗauko tun daga Gezawa ta shigo da ita jirgi har Dubai ba wanda ya ce ta yi nauyi. Ɗanta Muhsin ya kai shekara takwas, babu mahalukin da ya taɓa jin sunansa a bakinta. "Kai" take ce masa, in da baƙi a gidan ya koma "yaron nan". Ƙanwarsa Fiddausi kuwa, sunanta har gajiya yake yi a bakin uwar.

A Gezawa wannan ba abin magana ba ne. Uwa ta kau da kai, kaka ta goya, gwaggo ta ba da tsokar nama, ɗan fari ya tashi ya fi kowa gata a gidan. To a Satwa wace kaka? Filat ne mai ɗaki biyu, ɗaya nasu, ɗaya na Damata, 'yar Zangon Kumasi ta ƙasar Ghana, mai aikin gyaran ɗakuna a otal, wadda take rungume 'ya'yanta a bakin lif kamar sun dawo daga yaƙi. Muhsin yana kallo. A makaranta ma yana kallo, iyayen 'yan Sudan da 'yan Pakistan sai habibi kaza, habibi kaza, wato masoyina, shi kuwa a ce masa "kai, ɗauko jakarka".

Sai dai akwai abin da shi da uwarsa kaɗai suka sani. In sun fita titi, inda babu ɗan gida ko ɗaya, tana riƙe hannunsa, ta damƙe sosai har tafin ya yi gumi. Ba ta taɓa cewa komai a kai ba, shi ma bai taɓa tambaya ba.

Ranar wata Alhamis da la'asar suka nufi kasuwar Sabkha, wajen shagon maigidan, Ɗantani, mai haɗa wa 'yan kasuwar Kano kaya yana tura musu a kwantena. Suna tsaye bakin titi kusa da tashar bas, Fiddausi a goye, Muhsin a hannu, sai Turai ta hango Yaya Umma a tsallake. Yayar Ɗantani ce, ta zo sarin abaya da turare, ga ta nan da ledoji tana ɗaga musu hannu. Turai ba ta yi tunani ba. Hannunta ne ya buɗe da kansa, kamar ta taɓa murfin tukunya mai zafi. Yaro ya ji an sake shi, ya ga gwaggonsa, ya kwasa da gudu. Motar masu raba kaya tana fitowa daga kwana.

Ƙashin cinya ya karye, gwiwa ta bugu. Aka yi aiki aka sa ƙarfe, likita ya ce a gode wa Allah, rai na nan, ƙafa na nan.

Daga nan aka buɗe kasuwar dubiya. Asibitin yana da doka, mutum biyu a gefen gado, amma wanda ya rubuta dokar bai taɓa haɗuwa da Bakano ba. Tun daga unguwar Al Ras har Sabkha, duk wanda ya taɓa auna kaya a shagon Ɗantani sai da ya zo. Su shigo da kulolin abinci, su ce "sannu yaro, Allah ya sa kaffara ne", kamar ɗan shekara takwas ya tara zunubin da sai mota ta kankare masa, su juya masa baya su buɗe tuwon da suka kawo wa maras lafiya su cinye. Kafin a wanke hannu an koma zancen kwastan na Legas. Ɗantani kuwa uba ne nagari, ba a raba shi da gefen gadon, wayarsa ɗaya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa ɗaya a hannu, yana shafa kan ɗansa yana tambayar wani a ina kwantena ta maƙale.

Kowa da maganinsa. Wani ya ce da a gida ne, mai ɗorin Ƙofar Ruwa zai haɗa ƙashin nan kafin a tashi daga sallar Juma'a. Wata ta kawo man kaɗanya a robar man shafawa. Yaya Umma ta ɗage tafiyarta, ta kafa kujera a gefen gado ta zama shugabar jinya, tana ba nas-nas umarni da Hausa, in ba su gane ba ta ƙara murya.

Turai tana can bakin ƙofa a kan kujerar roba, ta ba gadon gefe, tana amsa gaisuwa. In an ce ya mai jiki, ta ce "da sauƙi" tana kallon tayil. Sai mutane sun watse take matsowa. Ita ce goge jiki, ita ce kwashe fo, ita ce tuƙa kunun gyaɗa tun kafin rana ta fito ta hau bas da shi yana zafi. Cikinta kuwa Allah kaɗai ya san abin da ke ciki. Tun ranar nan, in ta rufe ido buɗewar hannunta take gani. Tana son yaron nan son da har tsoro yake ba ta, kuma an koya mata tun tana ƙarama cewa irin wannan son ɓoye shi ake yi.

Wata nas 'yar Filifin ta ja Ɗantani gefe ta tambaye shi da Turanci, wai matar nan ita ce ta haifi yaron, ko riƙo take yi? Ɗantani ya dawo yana dariya ya ba da labari. Ɗaki ya ɗauka. Yaya Umma ta ji daɗi har ta tafa hannu.

"Ai shi ya sa nake yabon yarinyar nan," ta ce. "'Yar mutunci ce. Wallahi tun da aka kwantar da shi ban ga ta ɗaga ido ta dube shi ba. Ranar ma da abin ya faru, tana hango ni ta sakar masa hannu. Matan yanzu wa zai yi maka haka?"

Aka yi ta "madalla, madalla". Babu wanda ya tuna cewa ƙafa ce ta karye, kunnen yaron lafiyarsa ƙalau.

Da ƙashi ya fara kamawa likita ya ce lokaci ya yi da zai fara taka ƙasa. Ya yi bayani ba ɓoye-ɓoye: in bai fara lanƙwasa gwiwar nan yana ɗora mata nauyi yanzu ba, za ta sandare, kuma in ta sandare haka zai ja ta har tsufansa. Aka tura Muhsin a keken marasa lafiya zuwa ɗakin motsa jiki, inda aka kafa ƙarafa biyu a jere da mutum zai dafa ya bi tsakaninsu. Aka tsayar da shi. Ya dafa ƙarafan, ya ɗage ƙafar sama, ya ƙi. Washegari ya ƙi. Aka shiga wani satin yana ƙi, ba kuka, ba gardama, sai dai a mayar da shi gado ya juya fuska bango.

Ɗantani ya yi alkawarin keke. Ya ƙara da wasan kwamfuta, ya ƙara da hawa jirgin ƙasan nan sabo tun daga farkon layi har ƙarshe. Yaya Umma ta ce a daina matsa wa yaro, maras lafiya kwanciya yake so, ta ƙara masa filo. Mai man kaɗanya ta ce dama ta faɗa. Gwiwa kuwa tana ta ƙara tauri, ma'aikaciyar asibiti mai motsa jikin tana aunawa tana girgiza kai.

Ran nan 'yan dubiya sun fita sallar la'asar, ɗaki ya rage daga shi sai uwarsa. Ta zuba kunu a kofi ta miƙa masa.

"Kai, tashi ka sha."

Bai juyo ba. Da bangon yake magana. "Don kin ga Gwaggo kika sake ni."

Ta ƙara miƙa masa kofin. "Sha kafin ya huce."

"Kunyata kike ji? Wani abu na yi?"

Me za ta ce? Ta ce masa haka kakarsa ta yi wa yayanta, haka kakar kakarsa ta yi, kuma duk so ne? Ta fara haɗa maganar a ranta, ita kanta ta ji ba ta shiga kunne. Ta ajiye kofin ta fita baranda.

A can ta tarar da Damata, ta taso daga aiki da rigar otal a jikinta, ta kawo waken shinkafa irin nasu. Damata ta ji komai, ƙofar a buɗe take.

"Turai, ni ban san al'adarku ba," ta ce. "Amma yaron nan a nan ya buɗe ido. Wanda kike ma kunyan, ƙafansu biyu lafiya. Gobe za su hau jirgi da abayansu su tafi. Ke da wa za a bari?"

Turai ta karɓi kular ta gode, ta tambayi yara.

Washegari Juma'a ce, ranar hutu, saboda haka duk wanda bai samu zuwa ba ya zo, wanda ya zo ma ya dawo. Da aka tura keken zuwa ɗakin motsa jiki, ayari guda ya biyo baya, manyan riguna da ƙamshin turaren sallar Juma'a, suka cika bakin ƙofa. Mai gadi ya dube su ya haƙura. Aka tsayar da Muhsin ya dafa ƙarafa, ƙafa a sama kamar kullum.

Mai motsa jikin ta gaji da Ɗantani da alkawuransa. Ta leƙa cikin taron ta nuna Turai da yatsa. "Mama, yalla," wato taho maza. Ta jawo ta ta tsayar a ɗaya ƙarshen ƙarafan, ta ce wa Ɗantani ya faɗa mata ta kira ɗanta.

Yaya Umma ta yi dariya. "Ku ji mini mata. Ka gaya mata mu ba ma haka. Bari ni in tsaya."

Amma Turai ta riga ta tsaya, kuma ga yaron a gabanta, ya rame, wuyansa duk ya fito. Karo na farko ke nan da ta dube shi sosai a gaban mutane. Ta ji idon kowa a bayanta.

"Kai," ta ce a hankali. "Taho."

Ya dube ta. Ya dubi mutanen da ke bakin ƙofa, alhazai sun fi goma, kowanne "kai" ne in an so. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da kallon ƙafarsa.

Wani ya yi gyaran murya. Wayar Ɗantani ta yi ƙara, kuma abin al'ajabi, ya kashe ta.

Turai ta buɗe baki ta rufe. Sunan yana nan, kullum tana faɗinsa a sujada, amma bai taɓa fitowa fili ba. Da ya fito ma sai ya fito a shaƙe, kamar na mai mura.

"Muhsin."

Yaya Umma ta saki salati, irin wanda ake yi in an ga gobara.

Turai ta miƙa hannu, tafin a buɗe. "Muhsin, zo wajena. Zo, ɗana."

Ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya sauke ƙafar. Da ta taɓa ƙasa ya yi ƙara, hawaye suka zubo, mai motsa jikin ta matso za ta tare shi ya girgiza kai. Ya ja, ya dafa, ya ja, gwiwar tana lanƙwasawa kaɗan-kaɗan, yana kuka yana tahowa. Tafiyar ba ta da kyan gani ko kaɗan. Alhazai suna ta "masha Allah", wani har yana cewa man kaɗanya ne ya fara aiki. Da ya iso ƙarshe bai faɗa jikinta ba. Hannun ya kama.

Sai ga Yaya Umma ta ratso taro, mayafi na jan ƙasa, ta zo ta tsaya a kansu.

"Turai. A gabana? A gaban mutane?"

Muhsin bai dubi gwaggonsa ba, bai dubi fuskar uwarsa ba. Hannun nasu ya zuba wa ido, ya ɗan sassauta yatsunsa yana jira.

Turai ta damƙe har sai da ya ji zafi.

"Yaya, ɗan matsa mana," ta ce. "Za mu koma wancan ƙarshen."