Ranar da Inna Tani Ta Wanke Waƙoƙin Turawa

Ga ta nan, ga ta nan gare ku.

Ta taho, muna saurare.

A Unguwar Lalle anka yi wata tsohuwa, Inna Tani. Mace ce mai tsabta irin wadda ke sa maƙwabta jin haushi. Ƙwaryarta in ta sha yashi da toka, sai ka rantse yau anka fafe ta. Mijinta ya daɗe da rasuwa, kushewarshi na bayan gari, gab da gonarsu, ƙarƙashin wata aduwa. Ɗa guda ya rage mata, Kalilu, kuma shi ne ɗan fari, don haka ba ta kama sunanshi. "Mai shayi" take ce mashi. In ya ɓata mata rai, sai ya koma "wancan".

Shi Kalilu shekara shida ya yi a Sakkwato shina dafa wa wani Bature mai haƙar rijiyoyi abinci. Da Baturen ya tashi komawa gida, kaya sunka yi mashi yawa, sai ya bar wa Kalilu garmaho mai aiki da batir, da wani akwatin ƙarfe cike da ƙananan faya-fayai baƙaƙe guda arba'in, kowane waƙa ɗaya gaba, ɗaya baya. Ya ce mashi waɗannan su ne waƙoƙin da anka fi saye a Ingila lokacin da shi yake saurayi. Wasu samari ne masu jita ke yin su. Akwai hotonsu a jikin wata takarda, gashi ya rufe musu ido kamar tumakin da ba a yi wa aski ba.

Kalilu ya dawo gida, ya auri Saude, ya kafa teburin shayi a kasuwar Sabon Birni. Masu shayi uku ne a layin, amma shi kaɗai ke da kiɗa. Da ya ɗora allura bisa faifai, sai samari su cika benci. Ba mai jin Turancin, don haka kowace waƙa sunka raɗa mata sunan da ya yi musu.

"Kalilu, sa muna Mai Tafi!"

"Kai, ka ishe mu da Mai Tafi. Jaki Ya Ga Ruwa za a sa."

"Wai don Allah, mi suke cewa ne?"

"Cewa yake budurwarshi ta tafi ta bar shi," in ji Kalilu.

"Waccan ta ɗazu fa?"

"Ita ma."

"Duka arba'in ɗin?"

"Kusan duka."

"To wane irin mutum ne wanga, mata arba'in su gudu su bar shi? Ai a duba bakinshi, ƙila wari yake."

Inna Tani kuwa ba ta taɓa son abin ba. In Kalilu ya kunna a gida, sai ta ɗauki auduga da mazarinta ta koma bayan rumbu. Ta kan ce, "Mutane na kuka kamar an taka musu ƙafa, kai kuma kana murmushi." Amma ta san yadda yake ji da su. Ta sha ganin shi shina ɗaukar faifai da gefen yatsu, a hankali, kamar mai ɗaukar jinjiri ranar suna.

Sai fari ya zo. Ku da kunka tashi da buhun shinkafa a ɗaki ba za ku gane ba. Shekara ta farko gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya ƙone a tsaye. Ta biyu ko gwiwar bai kai ba. Gulbi ya zama yashi, sai an yi rami tsawon mutum kafin a ga danshi. Shanun Filani sunka riƙa faɗuwa a bakin hanya, ungulaye har sun ƙoshi sun daina sauka. Mata sunka koma fasa gidan tururuwa don tsabar da ke ciki, da tsinko 'ya'yan anza, waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin ɗacin ya fita. Wa zai sha shayi? Kalilu ya kife teburinshi. Irin shukar da anka ɓoye a tulu ma, wata rana Saude ta buɗe shi tana kuka, anka daka anka sha.

Gari ya fara watsewa. Kowace safiya sai ka ga wani gida an ja ƙaya an toshe ƙofa, masu shi sun yi kudu. Kalilu ya iske uwarshi a inuwar rumbu, ya durƙusa.

"Inna, mu ma tafiya za mu yi. An ce wajen Funtuwa ana samun aikin auduga."

"Allah shi kiyaye hanya."

"Da ke za mu."

"Da wa? A gidan nan anka kawo ni ina 'yar shekara sha huɗu. Tsohonka na can ƙarƙashin aduwa. In na tafi, wa zai riƙa gyara ƙayar da ke kanshi? Kuraye sun yi yunwa su ma. Ku ɗauki 'yar jinjirarku ku tafi. Ni ba inda za ni."

Ya san ta. In ta ce ba ta zuwa, ko an ɗaura ta a jaki sai ta sauko. Shi kuma ba ya iya barin ta. To, sai dai a samo abin da za a ci har ruwa ya sauka, da abin da za a shuka in ya sauka.

Akwai wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi, Maliki, mai wani gida da samari ke taruwa su yi rawa. Ya daɗe shina bin Kalilu ya sayar mashi da faifan, Kalilu na ƙi. A wannan karon Kalilu ne ya aika mashi. Amsa ta dawo: buhu biyu na gero, a haɗu ranar kasuwar Isa, su taho tare ya ɗauki kayan da hannunshi. Buhu biyu, in an haɗa da anza da ganyen tafasa, za su kai mutum uku da goyo har damina, a kuma cire iri.

Da safe, da zai kama hanyar garin Isa a ƙasa, ya ce wa Saude, "In kin samu sarari ki ɗan kakkaɓe akwatin nan, kar mutum ya zo ya iske shi da ƙura." Saude ta ce to. Amma ranar mata sun shirya zuwa dajin Kurawa neman anza, ta goya jinjirarsu Bilki ta bi su.

Inna Tani ta ji maganar. Ta zauna ita kaɗai a gida tana juya ta. Yaron nan zai rabu da abin da ya fi so a duniya, don ita. Ita mi za ta yi mashi? Ba ta da zobe, ba ta da akuya. Hannuwanta kawai gare ta.

Ta jawo akwatin tsakar gida, ta buɗe. Gara ta ci gefen takardun da anka sa faya-fayan a ciki. Ta zaro faifai guda, ta karkata shi ga haske, ta yi tsaki. Duk shatin yatsu ne, da danƙon sukari na kasuwa, ga wasu siraran layuka zagaye da zagaye, ƙura ta kwanta a cikinsu.

"Wanga datti za a miƙa wa baƙo? A ce daga gidana ya fito?"

Ba a kai ƙwarya kasuwa sai an cuɗe ta. Ba a kai tasa gidan biki sai ta sha toka. Abin da ta sani ke nan tun tana yarinya. Ruwan da ke gidan rabin tulu ne, wanda Saude ta yini a ramin gulbi kafin ta tara. Inna Tani ta ɗebi rabonta na sha na ranar, ta zuba a akushi. Ta kawo yashi mai laushi, da toka, da soso. Ta zauna ta miƙe ƙafa, ta fara.

Layukan nan sun ba ta wahala. Sai ta cuɗa, ta ɗauraye, ta duba, suna nan. Ta ƙara yashi. Ga yunwa, amma ba ta tsallake ko ɗaya ba, gaba da baya, har takardun da ke manne a tsakiya sunka saɓule. Da hantsi ya yi ta gama. Ta shimfiɗa babbar tabarma inda rana ta fi bugawa, ta jera su layi-layi kamar yadda take shanyar kuɓewa. Ta tsaya ta dube su, ta ji daɗi a ranta, irin wanda ta daɗe ba ta ji ba. Jiri ya ɗebe ta, ta shiga ɗaki ta ɗan kishingiɗa.

Ranar bazara ce. Kun san ta.

Salatin Saude ne ya tashe ta bayan azahar. Ta fito da sauri. Faya-fayan nan sun nannaɗe. Wasu sun yi kamar busasshen ganyen kabewa, wasu sun lotsa kamar ludayi, ba guda ɗaya da ke kwance daidai.

"Inna, mi kinka yi?"

"Wanke su na yi."

"Da mi?"

Tsohuwa ta nuna akushin, da sauran yashi a gindinshi. Saude ta sauke ƙwaryar anza daga kanta, ta zauna a ƙasa.

"Za su miƙe," in ji Inna Tani. "Fata ma in ta nannaɗe ana danne ta. Kama mini dutsen niƙa."

Sunka ɗora dutse a kan guda biyar. Sunka ji ƙas, ƙas. Ba su ƙara gwadawa ba.

Washegari da la'asar sai ga Kalilu da Maliki, da raƙumi ɗauke da buhu biyu. Sauran mutanen unguwa sunka fito suna kallo, don an yi wata da watanni ba a ga cikakken buhu ba. Anka durƙusar da raƙumi, anka sauke buhunan, anka jingina su a ƙofar gida. Kalilu har da dariya. Ya ce, "Saude, kawo wa baƙo ruwa, ki fito da akwatin."

Inna Tani ce ta fito da shi. Da ƙyar take ɗauke da shi, amma ta hana Saude taɓawa. Ta ajiye gaban ɗanta, ta buɗe da kanta.

Kalilu ya daɗe shina kallo. Ya ɗauki guda, ya shafa da yatsa, ya ji sumul.

"Ni ce," in ji ta. "Ba ruwan yarinyar nan. Na ga sun yi datti."

Maliki ya tura hula baya. "To. A gwada dai, ko Allah zai sa."

Anka sa batir. Faifan farko ya riƙa hawa da sauka, allura ta yi tsalle ta faɗi gefe. Na biyu ya ba da wani shuuu, kamar ana sheƙar hatsi. A na bakwai ne anka ji muryar mutum can ƙasa, da ɗan kaɗin jita, sai ta nutse. Kalilu bai tsaya ba. Ya gwada su ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe, ba wanda ya ce mashi ya bari.

"Malam Kalilu," in ji Maliki a hankali, "ni ma geron nan ba nawa ba ne ni kaɗai. Ina da masu jira na. Garmahon zan iya ɗauka, in bar maka abin da ya sawwaƙa."

Ya kwance bakin buhu guda, ya cika musu ƙwarya biyu. Da ya dubi tsohuwar, sai ya ƙara ta uku. Sannan anka ɗinke buhun, anka maida su bisa raƙumi. Mutane sunka watse ba mai kallon wani.

Kalilu ya juyo wajen uwarshi. Leɓenta ya tsattsage.

"Da wane ruwa kinka wanke su, Inna?"

"Da nawa."

"Tun jiya ba ki sha ba ke nan?"

Ya ɗauko moɗar da anka kawo wa baƙo, da sauran ruwa a ciki, ya riƙe mata har ta shanye. Ya ce, "Sun fita fes. Ban taɓa ganin su da tsabta haka ba." Daga nan ya shiga ɗaki.

Ƙwarya uku ba ta kai kowa damina. Kalilu bai sake tayar da maganar tafiya ba, ya ce zai riƙa zuwa Isa neman dako. Kwana biyu shina zuwa shina dawowa hannu wofi. A rana ta uku da safe ya fito, ya iske uwarshi zaune a ƙofar gida, ta ɗaure tabarmarta da ƙoranta, sanda a hannu.

"Mai shayi, rana na yi. Ka ce wa matarka ta fito."

"Inna, ba sai kin..."

"Na ce rana na yi."

Sunka ja ƙaya sunka toshe ƙofa, sunka bi ayarin masu yin kudu.

Inna Tani ta kai Funtuwa, amma ba ta ga damina ba. Wata biyu da isarsu ta rasu, anka rufe ta a can cikin baƙi. Kalilu ya yi dakon auduga shekara huɗu, sannan ya dawo Unguwar Lalle ya ci gaba da noman gonar ubanshi, bai sake kafa teburin shayi ba har ya bar duniya. Saude ta tsufa a gidan. Bilki ta girma, ta yi aure a Bafarawa, ta haifi 'ya'ya bakwai. Maliki ya sayar da garmahon a Maraɗi, ya koma fataucin albasa.