Motoci Biyu Zuwa Tungar Dogo

Habiba ta riga ta ɗora buhun irin gero a bayan motar, ta sa ƙafa ɗaya a kan taya, sai ta ji an riƙe mata gefen mayafi.

"Sauko, Habiba."

Haliru ne, shugaban 'yan sa-kai na garinsu. Nono ɗaya suka sha, don mahaifiyarsa ce ta raine ta tun tana jaririya, bayan uwarta ta rasu a rugar bayan gari.

"Ka bari in hau, 'yata Madina na ciki tun ɗazu."

"Madina ta tai. Ke ce ba ki zuwa."

Wata bakwai ke nan mutanen Tungar Dogo suna zaune a filin wata makarantar firamare a Gusau, tun ranar da 'yan bindiga suka ƙone garin, suka kashe mutum goma sha ɗaya, har da mijin Habiba. Yanzu ruwa ya sauka, an ce an yi sulhu, za a koma shuka. Dagaci kuma ya riga ya faɗa: duk gonar da ba a shuka ba bana, wani za a ba.

Motoci biyu ne a bakin ƙofa, domin rafi ne ya raba garin. Gabashinsa ƙasar Tsafe, yammacinsa ƙasar Bungudu. Shekara ashirin kowane ɓangare da jam'iyyarsa, da masallacinsa, har da mahaucinsa. Da ɗan siyasar Tsafe ya aiko da mota, na Bungudu ya ji labari, shi ma ya aiko da tasa, da hotonsa manne a ƙofa.

"Jiya anka yanke," in ji Haliru, yana kallon tayar, ba ita ba. "Ba Bafillacen da za ya koma garin nan. Ko namiji ko mace."

Ta yi dariya, don ta zaci tsokana ce irin tasa. Da ta ga bai ɗago ba, sai ta daina dariyar.

"Ni? Haliru, wa ya wanke maka gyambo shekarar da ka faɗo daga kuka?"

"Na sani."

"Mijina fa? Su wa suka kashe shi?"

"Na sani, Habiba. Amma fuskarki na nan. Yarana na kan hanya da bindiga, ba dukkansu sunka san ki ba. In wani ya ga zanen bakinki, mi zan ce mai?"

Ta kai hannu ta taɓa gefen bakinta. Zane ne da aka yi mata tana da kwana bakwai, ita kanta sai ta shekara ba ta tuna da shi ba. Matan da ke cikin motar, waɗanda suka ci tuwo kwano ɗaya da ita daren jiya, kowace ta sami abin gyarawa a ƙullin kayanta.

Sai wata dabara ta zo mata. Ta tsallaka zuwa motar 'yan yamma. Ai ko rana 'yan gabas suka ce ta fito, 'yan yamma sai sun ce hadari ne. Malam Ɗantsoho, dattijonsu, yana gaba a zaune yana cin goro.

"Baba, 'yan gabas sun hana ni mota."

"A'a, yau ɗiyar gabas ce a ƙofarmu? Lalle za a yi ruwa." Ya yi murmushi, sannan murmushin ya gushe. "Ɗiyata, tare munka zauna. Tabarma guda. Har la'asar munka yi sahu ɗaya, abin da ban gani ba tun ina da haƙora. Hana Fillani komawa shi kaɗai ne abin da ba a yi gardama a kai ba."

Ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta juya ta koma wajen motar gabas.

Direban gabas ya tayar da mota. Madina ta leƙo, shekararta goma sha bakwai, idonta ya yi ja.

"Inna, in sauko?"

Habiba ta dubi buhun. Ta tuna gonar, da tsamiyar da ke kan iyakarta, da ƙanen mijinta da ya daɗe yana auna ta da ido.

"Zauna. Ki fara ta gefen rafi, can ya fi riƙe danshi. Kar ki zurfafa rami. Ki kwana ɗakin tsohuwar Haliru." Ta juya gare shi. "Madina dai ba ta da zane ko?"

Haliru ya juya wajen motar. Ya kama ƙarfe ya haye.

Motocin suka fita a jere, suna rige-rigen wa zai shiga gaba. Habiba ta koma gindin darbejiya, inda wasu mata uku ke zaune da ƙullin kayansu, su ma an bar su. Ba ta san su ba, daga wani ƙauye suke. Babbarsu ta matsa mata wuri a tabarma, ta dubi bakinta, ta yi mata wata doguwar magana da Fillanci, a hankali, da muryar rarrashi.

Habiba ta saurara har ta gama.

"Inna, yi haƙuri," ta ce. "Maimaita mini da Hausa."