Ɗakin da Furoje Ya Gina wa Liza

Dami na tara ke kan Liza lokacin da babur ɗin Muddassir ya tsaya a ƙofar gida. Ma'aikacin furoje ne, wato ƙungiyar da ta gina wa matalauta ɗakuna ashirin a garin Sarkin Hausa. Hularsa na ɗauke da sunan ƙungiyar, rigarsa ma haka, har da biron da ke aljihunsa.

"Inna Liza, har yanzu ba ki gama ba? Madam, babbarmu ta furoje, ta taso daga Mayahi. In ta tarar da hatsi cikin ɗakin nan, wallahi an karɓe shi an bai wa wani. Ɗakin kwana ne, takarda ta faɗa."

"Na ji, ɗana."

Ta sauke damin bayan darni, ta koma ɗauko wani. Ɗakin kam ba laifi ga ido: bulo da siminti, rufin kwano, ƙofar ƙarfe mai shuɗin fenti, da taga ɗaya wadda kan akuya ba zai shiga ba. Inda ɗakin yake tsaye, nan rumbun da mijinta marigayi Hezekiya ya ɗaura da hannunsa yake a da. Magina sun ce zanen da aka aiko daga Yamai ya nuna ɗakuna a layi ɗaya, rumbun kuwa ya shiga layin. Suka rushe shi cikin rabin yini. Wanda ya yi zanen bai tambayi inda gero zai kwana ba.

Sau ɗaya Liza ta kwana ciki, a watan bazara. Tun daga ranar ta mai da gadonta ƙarƙashin rumfa, ta bar wa gero ɗakin. Gara ba ta huda siminti, ɓera bai cin ƙarfe.

A'i, maƙwabciyarta Bafulatana, ta leƙo ta kan darni da ƙwaryar nono.

"Yaya Liza, kin ga gabas kuwa? Hadarin ga ba na wasa ba ne. In ya sauka kan damman nan, mi za ki ci kafin kaka? Mi za ki shuka?"

"Baƙi za su zo su ga ina jin daɗi."

"Mu da suka ce ba mu cika sharaɗi ba don muna da shanu, ashe Allah ne ya cece mu."

Muddassir da kansa ya ja gadon ya shigar ɗaki, ya shimfiɗa zane, ya rataya kalandar majami'a a bango don a ga alamar mutum. Ya koya wa Liza abin da za ta ce: da tana cikin wahala, yanzu ta samu mutunci. Ta maimaita ba ta dube shi ba.

Farar mota ta iso rana tsaka. Madam ta sauko da gorar ruwa da takardu, ta gai da Liza da Hausar da aka daɗe ba a taɓa ba, ta ce a ciki za a yi hirar, saboda hoto ya fi kyau. Ta zauna bakin gado. Kwano na ƙara sama saboda zafi. Tambaya ta farko, ta share wuya. Ta biyu, ta mai da takardun mafici. Ba a kai ta uku ba ta miƙe.

"Bon, mu ƙarasa a waje."

Ta zauna ƙarƙashin rumfa kan turmin da aka kife, ta shanye rabin gorar.

"Mama, kina kwana cikin ɗakin?"

Liza ta buɗe baki, sai ɗigon farko ya buga kwano. Na biyu ya faɗo mata a hannu. Ta dubi Madam, ta dubi bayan darni, ta tashi.

Muddassir ya biyo ta yana magana ƙasa-ƙasa. "Inna, ki rufa mini asiri. Ki jira su tafi."

"Ruwan zai jira?"

Ta ɗora dami a ka, ta wuce gaban Madam da shi, ta shige ɗaki ta jibge kan gadon. A'i ta ajiye ƙwarya ta tsallako. Direban motar, wanda ke tunanin yadda hanyar Mayahi ke zama in ta jiƙe, ya dubi agogo, ya naɗe hannun riga ya ɗauki biyu lokaci guda.

Madam ta bi su da ido har dami na ƙarshe ya shige. Ta leƙa takardarta. Gurbi biyu ne kawai gaban tambayar, na i da na a'a, kuma takardun ɗakuna sha tara na baya duk gurbin i aka cike. Ta ja alama inda ta saba, ta sa hannu, ta ruga mota da takardun a kanta.

"Mi ta rubuta?" in ji A'i.

"Ta ce Inna na kwana ciki," in ji Muddassir, yana kare hularsa daga ruwa.

Liza ta ja ƙofar ƙarfen, ta datse kwaɗon furoje, ta ɗaure makullin a gefen zane. Gadon na ciki, ƙarƙashin gero. Ta karɓi aron tabarma wurin A'i.